Mage da Fulawar Maƙwabta: Wa Zai Tsare Wa?

Gidan Bahaushe na da bai san rigimar mage da fulawa ba. A Aujara, kamar sauran garuruwan ƙasar Jahun, tsakar gida rairayi ce tun daga bakin zaure har gindin rumbu, abin da ake shukawa a cikinta kuma bai wuce lalle da zogale da gwanda ba, sai 'yar kuɓewa da yakuwa a bayan ɗaki idan damina ta sauka. Mage ta tona inda ta ga dama, ta binne abinta, ta kama gabanta, babu mai ɗaga kai ya dube ta. Furen da mutanenmu suka sani shi ne na gona, wato zoɓon da ake ɗurawa a buhuna a kai Maigatari, daga can har ya tsallaka teku zuwa Meksiko.

Tun da aka ƙirƙiro jihar Jigawa a 1991 Dutse ta zama babban birni, fasalin gini ya soma sauyawa. Ɗan Aujara da ke aiki a sakatariya, ko malamar makarantar da ta yi karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutse, sun ga gidajen da aka malale da siminti ko intalok, aka bar ɗan siririn fili a jikin katanga aka jera fulawa. Abin ya burge su, suka sayo dashe wajen masu reno na bakin titi suka kawo gida. To a nan ne fa aka yi kiciɓis da mage. Gidan da aka dame da siminti, ƙasa mai laushi ɗaya ce ta rage a cikinsa, wadda aka kafce, aka zuba wa taki, ake ba ruwa safe da yamma. Mage kuwa halittarta ce ta nemi wuri mai taushi ta tona ta rufe kashinta. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, babu inda ya kai gindin shukar da aka yi wa ban ruwa sanyi. Ga ƙadangaru, ga tsuntsaye masu zuwa shan ruwa. Mai fulawa, ba da saninsa ba, ya haɗa mata makewayi da wurin hutu da wurin farauta a waje guda.

Gari na wayewa sai a tarar da dashen jiya a kwance, saiwa a sama, ƙasa an watsa ta kan daɓe, ga ɗan tudun da kowa ya san abin da ke ƙarƙashinsa. Idan muzuru ne ya biyo, ga zarnin da ya fesa a jikin katanga, wanda ko an wanke ba ya barin wurin da wuri. Daga nan sai magana ta tsallaka katanga.

"Hajiya, don Allah magen nan taku ta sake tone min shuka."

"Ayya, Malama, yi haƙuri. Amma ai mage ba akuya ba ce, ba ta da turke. Ya za mu yi da ita?"

Kowaccensu gaskiya ta faɗa, abin da ya sa maganar ke da wuyar yankewa ke nan.

Mutane da yawa a wajenmu suna raina ƙorafin mai fulawa. Sai ka ji an ce, abin da ba a ci ba a sha, shi ne za a ɓata zumunci a kansa? Ni ban yarda da wannan raini ba. Wanda ya raya shuka a tsakiyar Jigawa ya san abin da ya zuba. Damina wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, sauran watannin kuwa duk ɗigon da ya sauka a gindin shuka ko an jawo shi da guga, ko an sayo shi a jarka wajen ɗan garuwa. An yi wa dashe inuwa da tsohon buhu, an kare shi daga hunturu, an kori kaji, an jira wata da watanni kafin toho ya fito. A zo a tone wannan cikin dare ɗaya, a kuma ce wa mutum ai ba komai ba ne, akwai ciwo. Ba kuma sai abu ya shiga tukunya ne yake da daraja ba. A garin da ƙura ke turnuƙewa rabin shekara, ɗan koren da mutum zai buɗe ƙofar ɗaki ya gani yana sanyaya rai, yana kuma koya wa yara son shuka, abin da hukuma ke ta kashe kuɗi a kai duk shekara wajen gangamin dashen itatuwa don tare hamada. Balle ma mafi yawan waɗannan 'yan lambuna ba fulawa zalla ba ne: a gefenta akwai ɗoɗɗoya, na'ana'a, alayyahu, salak, abubuwan da ake tsinka a kai kicin.

Hujjar da ta fi ƙarfi a hannun mai fulawa ita ce ta lafiya, duk da cewa ita ce ba a cika kawowa ba. Akwai wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira tokzoplazma, wadda aka fara ganowa a Tunis a 1908, sai a wajen 1970 aka tabbatar cewa a hanjin mage da danginta kaɗai take kammala hayayyafa. Magen da ta kamu, galibi ta hanyar cin ɓera ko tsuntsu, takan yi mako ɗaya zuwa uku tana zubar da ƙwayayen cutar a kashinta. Ƙwayayen sukan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyar kafin su iya kama mutum, daga nan kuma su zauna da rai wata da watanni a ƙasa mai laima, irin ta gindin fulawa sak. Lafiyayyen mutum sau da yawa ba zai ma san ya kamu ba. Mai juna biyu ce abin tsoro, domin idan ta kamu karon farko tana ɗauke da ciki, yana iya jawo ɓari, ko ya taɓa ido da ƙwaƙwalwar jariri. Tumaki da awaki ma tana sa su ɓari. Ga kuma tsutsar ciki da ke bin kashin mage ta shiga yaron da ke wasa da ƙasa yana kai hannu baki. Saboda haka matar da ta ce ba ta son mage a inda take sa hannu kullum, inda ɗanta ke rarrafe, ba tsirfa take yi ba. Sai dai adalci ne a faɗa cewa ba ta wannan hanya kaɗai ake kamuwa ba. Naman da bai dahu sosai ba da ganyen da ba a wanke ba su ma hanyoyi ne, kuma shafar magen kanta ba ita ce matsalar ba.

Mai mage shi ma yana da abin faɗa, kuma a garin manoma maganarsa tana da nauyi. Aujara gari ne na gero da dawa da gyaɗa da riɗi da wake. Bayan kaka, kusan kowane gida akwai dammuna a rumbu ko buhuna a ɗaki, kuma kowa ya san wa ke kwana yana ɓarnar su. Ɓera ba ci kaɗai yake yi ba, yana huda buhu, yana fitsari da kashi a cikin hatsi. A nan ma akwai maganar lafiya, wadda ta fi ta farko tayar da hankali. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, wani ɓera mai yawan nonuwa ne ke yaɗa shi, ya fi kuma tsananta da rani. Jihar Bauci da muke iyaka da ita tana cikin jihohin da cutar ta fi addaba. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin matakan rigakafin da take bayarwa, bayan adana hatsi a mazubin da ɓera ba ya iya shiga da zubar da shara nesa da gida, ta ambaci ajiye mage. Mai mage zai ce maka, magen da kake jifa ita ce ke sintiri a bayan ɗakin ajiyarka da dare, ba ta kuma tambayi ko gidan wa take tsaro ba. Idan ka sha amfaninta kyauta, ka ɗan jure ɓarnarta.

Hujja ce mai kyau, amma kada a kai ta inda ba ta kai ba. Mage ba ta tunkarar gafiya, kuma wani bincike da aka yi a ƙauyukan ƙasar da a lokacin ake kira Suwaziland aka wallafa a 2017 ya nuna cewa gidajen da ke da mage da kare tare ne ɓeraye suka fi ƙaurace wa, mage ita kaɗai ba ta yi tasirin da ake zato ba. Tana taimakawa, ba ta maye gurbin rufe hatsi da share gida. Farautarta kuma ba ta tsaya kan ɓera ba. Mai kiwon tattabaru da mai 'yan tsaki sun san wannan tun kafin masu bincike a Amurka su ƙiyasta a 2013 cewa maguna na kashe tsuntsaye sama da biliyan ɗaya a ƙasarsu duk shekara. Kyanwar Lami ce kawai ba ta cizo ba ta yakushi.

Sai maganar addini, wadda a wajenmu ita ce ke yanke gardama. Matsayin mage a Musulunci ba ɓoyayye ba ne. Hadisin Abu Ƙatada da ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik ya tabbatar cewa ita ba najasa ba ce, ya kuma sanya ta cikin masu kai-kawo a tsakanin mutanen gida. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda magen da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi da laƙabin 'yar kyanwarsa duniya ta san shi. Tarihi ma ya ruwaito cewa Sarki Baibars, wanda ya mulki Masar daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin lambu a Alƙahira domin ciyar da magunan da ba su da masu su. Duk wannan yana tare da mai mage. Sai dai wasu suna yi wa hadisin matar nan fahimtar da ba tasa ba, su ce ai haramun ne a tsare mage. Abin da aka zarga shi ne tsarewa tare da horon yunwa. Wanda ya rufe magensa da dare ya ba ta abinci da ruwa bai shiga wannan narko ba. Kuma addinin da ya girmama mage shi ne ya girmama maƙwabci fiye da ita, ya hana a cutar da shi ko da ta hanyar abin da mutum ya mallaka ne.

Malamai ba su bar wannan fage ba. A Muwaɗɗa akwai labarin taguwar Bara'u ɗan Azib da ta shiga lambun wani mutum ta yi ɓarna, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hukunci cewa tsaron lambu da rana yana kan masu lambu, ɓarnar da dabbobi suka yi da dare kuwa masu dabbobi ne za su biya. A kan wannan ƙa'ida ake raba rigimar manomi da makiyayi har gobe. Tambaya ita ce ko mage ta shiga ciki, tunda ba a kora ta kiwo ba a kuma ɗaure ta. Malaman Malikiyya sun yi saɓani a kan makamantanta, irin tattabaru da ƙudan zuma da ba a iya tsarewa: wasu suka ce mai shuka ne zai kare shukarsa, wasu suka ce a hana mai su ajiye su idan suna cutar da mutane. A ɓangaren Shafi'iyya, Imamu Nawawi ya rinjayar da cewa magen da aka riga aka san ta da ɓarna, mai ita zai ɗauki alhakin abin da ta lalata, dare ne ko rana. Abin da na fahimta daga wannan saɓani shi ne, karon farko babu laifin kowa, amma da zarar an zo an faɗa maka, to ka fita daga sahun wanda bai sani ba.

Turawa ma ba su daidaita ba. A Ingila doka ba ta ɗauki mage kamar saniya ko tunkiya ba, ba a kama mai ita don ta tsallaka lambun maƙwabci. A Kanbera ta Ostireliya kuwa, tun daga watan Yulin 2022 duk magen da aka haifa dole ta zauna cikin harabar gidan mai ita, saboda kare tsuntsaye da ƙananan namun daji. Tsarin Kanbera ba zai yiwu a Aujara ba. Gidajenmu katanga ɗaya ce ta raba su, wasu ma darni ne, tsakar gida a buɗe take, kuma magen da aka kulle dare da rana ta daina aikin da aka ajiye ta dominsa.

Abu ɗaya ne ba na ganin yana da fuska biyu, shi ne guba. Idan rai ya ɓaci, akwai masu barbaɗa shinkafar ɓera a kan kifi, ko su zuba fiya-fiya a sauran tuwo su ajiye a gindin shuka. Wannan zalunci ne, kuma wauta ce. Magen da ta ci guba ba nan take take mutuwa ba, takan yi ta murƙususu tana kumfa, wani lokaci ta ja jiki ta mutu a cikin rufin ɗaki ko kusa da rijiya. Gubar ba ta san mage ba: kaza za ta tsattsaga, akuya za ta lasa, yaro mai rarrafe zai ɗauka. Dokar Final Kod ta Arewa ta sanya azabtar da dabba cikin laifuka, kafin a je ga hisabin Lahira. Bayan duk wannan, ba a yi maganin komai ba, domin ƙasar nan mai laushi tana nan, kafin mako ya zagayo wata magen ta gaje wurin. Haka nake kallon barbaɗa garin barkono, wanda ke shiga idon dabba da na yara, da watsa ƙwayoyin kafur da yaro zai ɗauka ya zaci alewa ce, da tura yara su bi ta da jifa ko danƙo. Wasu kuma sukan fake da camfi, su ce baƙar mage mayya ce ko aljana, don su halatta wa kansu kisa. Babu wannan a addini. Yaron da aka koya wa jin daɗin kukan dabba, an dasa masa abin da ya fi tonon fulawa muni.

A ganina, kaso mafi girma na tsaro yana wuyan mai fulawa, ba don shi ne mai laifi ba, sai don shi ne abin nasa ke zaune wuri ɗaya. Fili taku biyu a jikin katanga ya fi sauƙin karewa a kan dabbar da ke hawa rufin soro. Kuma kayan aikin suna nan a bayan gari, ba sai an je Dutse ba. Mage ba ta son taka abin da ke sukar tafin ƙafarta, ba ta kuma tsugunawa inda ba za ta iya tono ba. Reshen magarya ko na aduwa da aka shimfiɗa tsakanin shuka, irin yadda masu lambun fadama ke yi wa awaki shinge, yana hana ta sauka, sai dai a kula idan akwai ƙananan yara a gidan. Wanda ya fi wannan shi ne ragar waya ta akurkin kaji: a shimfiɗa ta kwance a kan ƙasa, a danne gefunanta da duwatsu, a yanka 'yan ƙofofi inda dashe zai fito. Ruwa na shiga, shuka na girma, farce kuwa ba ya samun ƙasa. Manyan tsakuwa ma suna yin wannan aiki, har su rage saurin bushewar ƙasa. Guntayen kara da aka kakkafa kusa da kusa suna hana ta samun wurin juyawa. Ɓawon lemo da ake yawan faɗa yana ɗan korarta, amma ranar Jigawa ba ta barin ƙamshinsa ya kwana biyu. Na'urorin da ake tallatawa a intanet masu fesa ruwa da kansu kuwa, sai gidan da famfo da wuta ba sa yankewa. Idan an tarar da kashi, a kwashe shi a ranar da shebur ko leda a hannu, kafin ƙwayayen cuta su nuna, a wanke hannu da sabulu, mai ciki kuma ta bar wa wani wannan aikin.

Amma "ba ta da turke" ba amsa ba ce da mai mage zai tsaya a kanta. Akwai abin da zai iya. Ya tanadar mata nata wurin, tsohon baho ko wani lungu da aka zuba wa yashi mai laushi ana sauyawa, domin magen da ta samu makewayi a gida ba ta cika nemansa a waje ba. Ya riƙa ba ta abinci. Masu cewa sai an bar ta da yunwa take kama ɓera sun yi kuskure, ƙosasshiyar mage ma tana farauta, mayunwaciya ce ke buɗe tukunyar maƙwabta. A makonnin farko da aka yi sabon dashe, ya rufe ta a ɗakin ajiya da dare, inda dama can ne ɓerayen suke. Idan kuma ta yi ɓarna bayan an yi masa magana, ya taka da ƙafarsa ya ba da haƙuri, ya sayo dashe ya mayar, ko ya kawo rabin kuɗin raga. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma shi ke hana magana ta kai gaban mai unguwa.

Inda duk ɓangarorin biyu suke kau da kai shi ne yawan magunan kansu. Mage na ɗaukar ciki wata biyu da 'yan kwanaki, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kowace haihuwa 'ya'ya uku zuwa biyar. Abin da aka saba shi ne a zuba 'ya'yan a buhu a kai su bakin kasuwa ko kusa da mahauta a juye. Waɗanda suka rayu su ne magunan da ba su da mai su, su ne kuma suka fi tonon lambu da ɗaukar 'yan tsaki, su ne suka fi cin ɓeraye masu ɗauke da cuta, babu kuma ƙofar da za a ƙwanƙwasa a kai ƙararsu. Sau da yawa magen Hajiya da ake zargi tana kwance a ɗaki lokacin da aka yi ɓarnar. Likitocin dabbobi suna yi wa muzuru fiɗiya, suna yi wa mace aikin da ke tsayar da haihuwa, malamai da dama na wannan zamani kuma sun halatta hakan idan akwai buƙata ba a kuma azabtar da dabbar ba. Muzurun da aka fiɗiye yana rage yawo da faɗa da fesa fitsari. Ya kamata sashen kula da dabbobi na ƙaramar hukuma ya haɗa wannan aiki da rigakafin ciwon haukan kare, wanda mage ma tana ɗauka, a riƙa yi wa maguna a ranakun da ake fitowa yi wa shanu da awaki allura.